Kwamfutar tebur ta ƙi hawa intanet tun da na sauya rauta, amma wayoyi suna hawa

Malamin Gyallesu:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon masu ilimin kwamfuta, musamman na nan Zariya, ko da abin zai kai ga wani ya zo ya duba mini da idonsa.

Ni malamin makaranta ne, a Gyallesu nake zaune. A ɗakina na ƙofar gida ina da kwamfutar tebur mai Windows 10. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa, nake haɗa makin ɗalibai, nake kuma loda sakamako a shafin makaranta. Akwai firinta mai leza a gefenta, su biyun duka da kebul aka jona su da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Babbar 'yata tana da kwamfutar cinya, tana taya ni buga rubutu daga cikin gida, in ta gama sai ta ajiye a wata folda da ke kan tawa kwamfutar, ko ta tura wa firinta kai tsaye ba sai ta fito ba. Wani yaron maƙwabta ne ya haɗa mana wannan tsarin kafin ya tafi bautar ƙasa. Ya ce ya kafa wa kwamfutar da firintar adireshin da ba ya canzawa, domin a da duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai firintar ta ɓace, 'yata ta tura aiki ya maƙale. Tun da ya yi wannan gyaran ba mu sake jin ko tari ba.

A damunar nan aka kawo wuta mai ƙarfi da daddare ta ƙona rautar. Na je PZ na sayo sabuwa, irin mai cin sim, mai ramukan kebul a baya. Wayoyin gidan duka sun hau, kwamfutar 'yata ma ta hau. Tawa ce kaɗai ta ƙi. A ƙasan allo alamar duniya take nunawa, in na kai linzami kanta sai in ga Unidentified network da No internet. Fitilar ramin kebul tana ƙyaftawa a bayan kwamfutar da bayan rautar. Na zare kebul ɗin na soka a ta 'yata bayan ta kashe Wi-Fi, nan take ta hau, ke nan ba kebul ba ne. Firinta kuma Offline take ta nunawa.

Wani abokin aikina ya ce in buɗe cmd, wato baƙar tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, in rubuta ipconfig. Ga abin da ya fito:

IPv4 Address 192.168.0.20
Subnet Mask 255.255.255.0
Default Gateway 192.168.0.1

Na shiga Settings, wurin Ethernet, na danna Edit. A gurbin da aka rubuta Subnet prefix length na tarar da 24, alhali ipconfig ya nuna mini 255.255.255.0. Na goge 24 na sa wancan, sai ya ce Can't save IP settings. A nan na dakata, don kada in taɓa abin da zai fi ƙarfina. Jarrabawar ƙarshen zango ta matso, tambayoyin azuzuwana duk suna cikin wannan kwamfutar. Me ya kamata in yi?

Mai gyara, Sabon Gari:

Wa'alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Kada ka kashe ko sisi, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Layuka ukun nan da ka kwafo sun nuna inda gizo ke saƙar.

Lambobin da yaron ya kafa na tsohuwar rauta ne. Wannan 192.168.0.1 da ka gani a Default Gateway adireshin waccan da ta ƙone ne, kuma har yanzu shi kwamfutar take nema duk sanda za ta fita intanet. Da wuya sabuwar ta zo da wannan lambar. Masu cin sim na Huawei galibi da 192.168.8.1 suke zuwa, na TP-Link kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Wayoyinku da kwamfutar 'yarka ba su ji a jikinsu ba saboda ba a kafa musu komai ba. Da sun haɗu da rauta sai su tambaye ta, ita kuma ta ba su adireshi da duk abin da suke bukata. Wannan tsarin shi ake kira DHCP. Taka kuwa an hana ta tambaya.

Adireshin kashi huɗu ne. In Subnet Mask ya zama 255.255.255.0, kashi uku na farko kamar sunan unguwa ne, na ƙarshe kuma lambar gida. Kwamfutar da ke 192.168.0 da rautar da ke 192.168.8 unguwarsu daban, ko da kebul ɗaya ne ya haɗa su ba za su ji juna ba.

Maganar 24, ka mayar da ita yadda ka same ta, daidai take. Kowace 255 tana nufin bit 8 (bit shi ne ma'aunin da kwamfuta ke ƙirga tsawon adireshi da shi), uku daga ciki sun ba da 24. Abu ɗaya ne aka rubuta ta hanya biyu. Settings na Windows 10 adadin yake so, shi ya sa ya ƙi karɓar doguwar lambar. A Windows 11 sun mayar da gurbin yana karɓar 255.255.255.0. Ni dai na fi son tsohuwar hanya: ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta ncpa.cpl, ka yi dannan dama a kan Ethernet, Properties, sannan Internet Protocol Version 4. A can komai a fili yake.

In kana cikin gaggawar loda maki, ka zaɓi Obtain an IP address automatically da Obtain DNS server address automatically, ka danna OK. Za ta hau kafin ka tashi daga kujera. In kuma kana son kafaffen adireshi saboda foldar 'yarka, ka rubuta ipconfig a kwamfutarta ka ga Default Gateway ɗinta, ko ka juya rautar ka karanta sitikar da ke ƙasanta. Kashi uku na farko na adireshinka su yi daidai da na gateway ɗin, na ƙarshe ya zama naka kai kaɗai.

In ka gama ka gwada waɗannan bi da bi a cmd: ping (umarnin da ke taɓa adireshi ya ga ko zai amsa) da adireshin rautar, sai ping 8.8.8.8, sai ping google.com. Na farko in ya faɗi, matsalar tsakaninka da rauta take. Na biyu in ya faɗi, ko gateway ba daidai ba, ko sim ɗin ba data. Ka faɗa mana a wanne ya tsaya.

Malamin Gyallesu:

Allah ya saka da alheri, ya albarkaci sana'a. Na duba ta 'yata, adireshinta 192.168.8.100, gateway kuma 192.168.8.1, kamar yadda ka faɗa. Na fara mayar da tawa automatically, wallahi kafin in rufe tagar alamar duniyar nan ta ɓace. Na loda makin da ke hannuna, hankalina ya kwanta.

Daga nan na koma na kafa adireshi saboda foldar. Tunda ta 'yata 100 ce, sai na sa 192.168.8.101, Subnet Mask 255.255.255.0, Default Gateway 192.168.8.1. Gurabe biyu na ƙasa, Preferred DNS da Alternate DNS, na bar su ba komai.

Ping ɗin farko ya amsa, Reply from 192.168.8.1, layi huɗu. Na 8.8.8.8 ma ya amsa. Na ukun ne ya ce Ping request could not find host google.com. Burauza kuma ba ta buɗe ko shafi ɗaya, tana nuna wani rubutu da ya fara da DNS_PROBE. Abin da ya ɗaure mini kai, ya za a yi 8.8.8.8 ya amsa, alamar ina kan intanet, amma shafi ya ƙi buɗewa?

Mai gyara, Sabon Gari:

Kana kan intanet ɗin Malam, guraben nan biyu da ka bari ne suka tsayar da kai. Kwamfuta ba ta san google.com ba, lamba kawai ta sani. DNS ne ke karɓar sunan shafi ya ba ta lambarsa. Lokacin da take automatically rauta ce ke faɗa mata wanda za ta tambaya. Yanzu da ka karɓi ragamar, sai ka rubuta da hannunka.

A Preferred ka sa 192.168.8.1, wato rautar kanta, ita za ta miƙa tambayar ga kamfanin layinka. A Alternate ka sa 8.8.8.8 na Google, wanda suka buɗe wa jama'a tun 2009, ko 1.1.1.1 na Cloudflare da ya fito a 2018. Duka kyauta ne. Bayan ka danna OK ka rubuta ipconfig /flushdns, sannan nslookup google.com. In ya kawo maka lambobi, ka buɗe burauza.

Wannan 101 ɗin da ka zaɓa kuwa ban natsu da ita ba. Akwai mutane a shago yanzu, in na samu sarari zan yi bayani.

Malamin Gyallesu:

DNS ɗin ya yi, komai ya buɗe, na yi aiki har dare. Amma yau da yamma abin ya dawo ta wata fuskar. An ɗauke wuta da rana, kwamfutar ta mutu, rautar kuwa tana kan ƙaramin batir don haka ba ta mutu ba. Da aka kawo wuta bayan La'asar, yara sun dawo daga Islamiyya, gida ya cika, na kunna kwamfutar sai ga alamar duniyar nan kuma. Na rubuta ipconfig /all. Akwai wani layi sabo, Autoconfiguration IPv4 Address, da lamba mai farawa da 169.254 wadda ban taɓa sa wa ba. A ƙarƙashinsa ga 192.168.8.101 ɗina, amma an rubuta Duplicate a gabanta. Ban taɓa komai ba tun jiya. Firinta ma har yanzu tana nan a Offline.

'Yar Samaru:

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗaliba ce a sashen kimiyyar kwamfuta na ABU, bari in ɗan sa baki kafin Oga ya rufe shago, ya gyara mini in na kauce.

Duplicate ɗin nan na nufin wata na'ura a gidan tana riƙe da 101. Kowace rauta tana da jerin lambobin da take rabawa, sau da yawa daga 100 zuwa sama. Ita ba ta san ka ɗauki 101 ba, don ba ta hannunta ka karɓa ba. Jiya kwamfutarka na kunne shi ya sa aka zauna lafiya. Yau tana kashe, wayar wani ta shigo ta nemi adireshi, rautar ta ga a lissafinta 101 ba kowa, ta ba ta. Da ka kunna kwamfutar, kafin Windows ya fara amfani da lambar sai ya yi cigiya a layin ko akwai mai ita. Wayar ta amsa, shi kuma ya janye. Lambar 169.254 da ka gani Windows ne ke ba kansa ita in ya rasa adireshi mai amfani, kuma ba ta kai mutum intanet. Duk inda aka ga 169.254, ko dai rauta ba ta ba da adireshi ba, ko an yi karo irin wannan.

Ka ɗauki kwamfutar 'yarka ka rubuta 192.168.8.1 a burauza, inda ake rubuta adireshin shafi. Kalmar sirrin shiga tana jikin sitika in ba a canza ta ba. Ka nemi wurin DHCP, za ka ga lambar farko da ta ƙarshe da take rabawa. A wurin jerin na'urorin da ke haɗe kuma za ka ga wayar da ta ɗauki 101.

Mafi sauƙi shi ne ka zaɓi lamba a wajen wancan jerin. In daga 100 zuwa 200 take rabawa, 20 ko 30 ko 50 duk sun yi. Ka guji 1 don ta rautar ce, ka guji 0 da 255 don ba a ba na'ura su. Yaron da ya yi muku aikin farko ya san abin da yake yi da ya zaɓi 20.

Amma wadda na fi so, kuma ita na yi wa mahaifina a gida, ita ce a mayar da kwamfutar automatically, sannan a je cikin rautar a ce ta keɓe mata lamba ɗaya. Sunan wurin ya danganta da kamfani, wasu Address Reservation, wasu IP and MAC Binding. Za ta nemi lambar MAC ta kwamfutar, wato Physical Address da ke cikin ipconfig /all, haruffa da lambobi 12 da aka jera bibbiyu. Ka kwafi ta ƙarƙashin Ethernet, kada ka ɗauki ta Wi-Fi in akwai. Daga nan duk sanda kwamfutar ta tambaya, lambar nan za a ba ta, ba kuma za a ba wani ita ba. Gateway da DNS duk rautar ce za ta riƙa cikewa. Ranar da kuka sake sauya rauta kwamfutar za ta hau intanet da kanta, ba sai an sake shiga irin wannan halin ana tsakiyar jarrabawa ba.

Wanda zai yi wa waya ko kwamfutar cinya haka ta Wi-Fi ya kula da abu ɗaya. Tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna nuna wa Wi-Fi lambar MAC ta bogi saboda sirri, Windows ma yana da Random hardware addresses. In lambar ta canza keɓewar ta tashi a banza. Kwamfutar Baba da kebul take, wannan bai shafe ta ba.

Akwai kuma hanya ta uku: a canza adireshin sabuwar rautar ya koma 192.168.0.1 kamar tsohuwar. Da an yi haka, aka kuma mayar da kwamfutar 192.168.0.20 ɗinta ta da, firinta da folda duk za su dawo ba tare da an taɓa su ba.

Mai gyara, Sabon Gari:

Ƙanwata kin rigaye ni, kuma kin fi ni iya bayani, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da nake tsoro game da 101 ke nan.

Hanya ta ukun ce kawai ba na ba mutane shawararta. Tana aiki, ban musa ba. Amma a gidan da ke da yara, rana ɗaya wani zai manta kalmar sirrin Wi-Fi ya tsokani ramin reset da tsinke, rautar ta koma 192.168.8.1, Malam ya wayi gari a inda ya fara. Gara a bar ta a kan lambarta ta asali, a daidaita sauran da ita. Keɓewar da kika ce ita ce daidai ga kwamfutar, in rautarsa tana da wurin, don wasu ƙananan na aljihu ba su da shi.

Firinta kuwa, Malam, ita ma tana can a 192.168.0 tana jiran tsohuwar rauta. In tana da ɗan allo, ka shiga wurin Network ka canza adireshinta zuwa 192.168.8.30, mask 255.255.255.0, gateway 192.168.8.1. In ba ta da allo, ka sa ta buga takardar bayanin kanta, adireshinta na yanzu zai fito a jiki. Sai ka mayar da kwamfutarka 192.168.0.20 na ɗan lokaci, ka rubuta adireshin firintar a burauza. Shafinta zai buɗe ko ba intanet, tunda su biyun suna kan rauta ɗaya da kebul. Ka canza mata lamba a can, shafin zai yanke, alamar ta karɓa ke nan. Sannan ka dawo da kwamfutarka.

Saura ka sanar da Windows sabon wurinta. Printer properties, Ports, Configure Port, ka goge tsohuwar lambar ka sa sabuwar. Haka za a yi a kwamfutar 'yarka. In ta buga amma tana ci gaba da nuna Offline, a wannan tagar ka cire alamar da ke kan SNMP Status Enabled.

Abu biyu a gefe. Ka samo abin kare wuta mai ƙarfi ka jona rautar da kwamfutar a kansa, damuna ba ta ƙare ba, kuma a irin wannan lokacin ake kawo mini ƙonannun kaya fiye da kowane lokaci. Sannan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da ke ɗauke da makin 'ya'yan mutane ya kamata a fara tunanin ɗaga ta zuwa sabon Windows, a kuma riƙa kwafe aikin a filasha.

Alhaji na Kwangila:

Salamu alaikum. Malam ka yi haƙuri in raɓa da tawa tambayar a nan, na ga masana sun hallara. Ina da kyamarorin tsaro a shagona na kayan gini, an kafa wa na'urar da ke naɗar hoton adireshi 192.168.1.108. In ina cikin shagon a kan Wi-Fi ɗinmu ina ganin hoton a waya. Da na koma gida Tudun Jukun na rubuta wannan lambar, ba abin da ke buɗewa. Wanda ya sa mini ya ce ai kafaffen adireshi ne, to me ya sa ba ya aiki daga nesa?

'Yar Samaru:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Kafaffe ne, amma a cikin shagon kawai. Duk adireshin da ya fara da 192.168, ko da 10, ko daga 172.16 zuwa 172.31, na cikin gida ne. Tun 1994 aka ware su don haka, ba sa tafiya a kan intanet. Gidaje da shaguna ba iyaka suna amfani da 192.168.1.108 ɗin nan a lokaci ɗaya, kowa a bayan rautarsa.

Adireshin da duniya ke gani daban ne, kamfanin layi ke bayar da shi. Irin waɗannan adireshin kuma sun yi ƙaranci. IPv4, wato tsarin adireshi mai kashi huɗun nan, gaba ɗayansa kimanin biliyan 4.3 ne, kuma a watan Fabrairu 2011 hukumar IANA mai rabon adireshin intanet na duniya ta raba ragowar da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, cikinsu har da AFRINIC mai kula da Afirka. Saboda haka kamfanonin waya suke haɗa kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Za ka iya ganewa da kanka. Ka shiga shafin rautar shagon ka duba WAN IP, wato adireshin da kamfanin layi ya ba rautar. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kana bayan CGNAT. A wannan halin ko an buɗe maka port forwarding a rautar, wato ƙofar da ke miƙa saƙon waje ga na'urar ciki, ba zai yi ba, domin saƙon da ya taso daga waje ba ya ma isowa gare ta.

Yawancin na'urorin naɗar hoto na yanzu suna da hanyar da ta kauce wa wannan. A cikin saitinsu akwai wurin P2P ko Cloud mai lambar QR, ka kunna shi, ka ɗauki lambar da manhajar kamfanin a wayarka. Na'urar ce ke fita ta haɗu da sabar kamfanin, wayarka ta same ta a can. Sai dai ka tabbatar gateway da DNS na na'urar daidai suke da rautar shagon, in ba haka ba irin matsalar Baba Malam za ta same ta, ta ƙi fita. Don Allah kuma Alhaji ka canza kalmar sirrin da aka sa mata ranar haɗawa, ka sa wadda kai kaɗai ka sani. Kyamarar da ke kallon inda kake ajiye kuɗi bai kamata ta zauna da kalmar da wani ya sani ba.

Malamin Gyallesu:

Alhamdu lillahi. Na shiga rautar, daga 100 zuwa 200 take rabawa, kuma wayar uwargida ce ta ɗauki 101. Na samu wurin keɓewar, na sa Physical Address na kwamfutar na ba ta 192.168.8.150, na mayar da ita automatically. An ɗauke wuta an dawo da ita tun bayan nan, ipconfig yana nuna 150 ɗin, ba Duplicate.

Firintar ba ta da allo, don haka na bi ta burauza kamar yadda mai gyara ya ce. Takardar da ta buga ta nuna 192.168.0.30, na mayar da ita 192.168.8.30, na gyara Configure Port a kwamfutocin biyu. Tana bugawa daga ɗakina, tana bugawa daga cikin gida. Allah ya saka muku da alheri ku duka, 'yata ta Samaru Allah ya ba ki ilimi mai amfani.

Abu ɗaya ya rage. Alamar foldar da ke kan allon 'yata in ta danna sai ta daɗe tana juyi, daga baya ta ce Windows cannot access.

'Yar Samaru:

Amin Baba, na gode. Alamar tana nuni ne ga tsohon adireshin, 192.168.0.20. Ta goge ta, ta danna Windows da R, ta rubuta \\192.168.8.150, foldar za ta bayyana, sai ta yi sabuwar alama daga nan. In ka rubuta hostname a cmd na kwamfutarka zai ba ka sunanta, za ta iya sa sunan a madadin lambar.

In har ya ƙi, ka duba Settings, Ethernet, Network profile a taka kwamfutar. Windows yakan ɗauki sabuwar rauta a matsayin Public, a haka kuma yana toshe raba folda. Ka mayar da shi Private, ita ma ta yi haka a Wi-Fi ɗinta.